Daga faifan CD zuwa wayar hannu: waiwaye kan zaurukan baje koli na 3D da rabon Damagaram a ciki

A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kai tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ƙasa. Ginin ƙasa ne da aka ɗora tun tsakiyar ƙarni na 19, an shafe sama da shekara 170 ana sallah a cikinsa. Yana cikin unguwar da Nijar ta miƙa wa UNESCO sunanta tun 2006, haɗe da fadar Sarkin Damagaram, a jerin wuraren da take fatan a sa cikin kayan tarihin duniya. Nan da nan bidiyon faɗuwarsa ya zaga wayoyi. Abin da ya rage a hannun yawancinmu hotuna ne, wannan ya ɗauki ƙofa ranar Juma'a, wancan ya ɗauko bango daga nesa. Hoto kuwa fuska ɗaya yake nunawa. Ba ya gaya maka kaurin bango ko tsayin rufi, balle yadda ginshiƙai suka jeru.

Akwai fasahar da ke riƙe abin da hoto ya gaza riƙewa. Manhajoji ne da ke ba mutum damar gina ɗaki a kwamfuta, mai tsawo da faɗi da zurfi, wato 3D, ya rataya hotuna a bango, ya ajiye kaya a tsakar ɗaki, ya tura wa wani adireshin wurin, shi kuma ya shiga ya zaga da yatsa a kan wayarsa. Yau ɗalibin Jami'ar André Salifou mai ƙaramar kwamfuta zai iya wannan aiki. Shekara 30 da suka wuce sai manyan kamfanoni da jami'o'in Amurka. Yadda abin ya gangaro har ya iso hannunmu shi ne abin da ya kamata mu sani, domin a cikin tarihin akwai gargaɗi.

Tunanin ya girmi kwamfutar gida. A 1947 marubucin Faransa André Malraux ya ce bugun hoto ya sa kowa na iya tara gidan tarihi a zuciyarsa, ba sai ya je Paris ko Rum ba. A 1978 masana a jami'ar MIT suka ɗora kyamarori a kan mota, suka bi titunan garin Aspen na Amurka suna ɗauka, suka zuba hotunan a faifan laser yadda mai kallo zai zaɓi ya miƙe ko ya karya kwana. A 1992 kamfanin Apple ya fitar da gidan tarihi a faifan CD, mai ɗakunan da ake shiga ana juya kayan ciki.

Shekarar 1994 ce ta fi jan hankalina, saboda a nan mutum ɗaya ya nuna cewa ba sai hukuma ba. Nicolas Pioch, ɗalibi a Faransa, ya tara hotunan zane-zanen manyan masu zane ya ɗora a intanet da sunan WebLouvre, tun kafin gidan tarihin Louvre ya buɗe nasa shafin. Hukumar gidan ba ta ji daɗin amfani da sunanta ba, ya koma kiransa WebMuseum. Wato tun ranar farko aka soma jayayyar da ake yi har yau: wa ke da ikon nuna kayan tarihi, mai ajiya ko mai kallo? A wannan shekarar kuma Mark Pesce da Tony Parisi suka fito da VRML, hanyar rubuta ɗakunan 3D don intanet. Abin bai yi nisa ba. Layin intanet na lokacin ta wayar tarho yake, tafiyar hawainiya, ga shi sai ka sauke wata ƙarin manhaja kafin ka ga komai.

Masu wasannin kwamfuta ne suka share hanya. Doom, wanda ya fito a 1993, ya koya wa miliyoyin yara zagaya gini ta idon wanda ke ciki, kuma injinan da aka ƙera don wasanni, irin su Unreal da Unity, su ne yau ake gina gidajen tarihi na cikin kwamfuta da su. A 2002 kamfanin da ya mallaki Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, ya durƙushe. Ton Roosendaal, mutumin Holan da ya rubuta ta, ya nemi gudummawar jama'a, aka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai aka fanshe ta. Tun daga ranar kyauta ce ga kowa. Duk yaron da ya sauke Blender a Zangon Damagaram ko Sabon Gari bai biya ko dala ba, albarkacin wancan karo-karo yake ci.

Sai Second Life a 2003, wata duniya a intanet da mutane ke sayen fili su yi gini. Masu zane da yawa sun buɗe zaurukansu a can. A 2007 gidan zane-zanen birnin Dresden na Jamus ya kwafi gininsa ɗungurungum ya kai ciki, da ɗaruruwan zanen da ke bangonsa. A 2011 aka rufe wannan kwafin. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 2011 ɗin dai abubuwa biyu suka faru. A watan Fabrairu Google ya buɗe Art Project da gidajen tarihi 17, dukkansu a Turai da Amurka, ko ɗaya babu daga Afirka. A watan Maris kuma aka fitar da WebGL, wadda ta sa manhajar buɗe shafuka ke nuna 3D kai tsaye ba tare da ƙarin komai ba. Wannan ta biyun ce ta sauko da abin ƙasa. A kanta Sketchfab ya tsaya a 2012, wurin da kowa ke ɗora siffar da ya ƙera, a kanta kuma irin su Artsteps da Kunstmatrix suka ginu. A irin waɗannan, taswirar ƙasa ake ba ka, ka ja layi ya zama bango, ka zaɓi tsayinsa da launinsa, ka ɗauko hoto ka manna, ka rubuta bayani a gefe ko ka sa muryarka. Da annobar korona ta zo a 2020, UNESCO ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen tarihin duniya sun rufe ƙofa, sai kowa ya ruga wannan hanya.

Gina ɗaki rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne shigar da abu na gaske cikinsa da siffarsa, kuma wannan yana da nasa tarihin, wanda yawancinsa hasara ce ta tura shi gaba. A 1998 zuwa 1999 ayarin jami'ar Stanford ƙarƙashin Marc Levoy suka auna sassaƙen Michelangelo a Italiya da na'urar laser mai tsadar gaske. Bayan rusa gumakan Bamiyan a Afganistan a 2001, Ben Kacyra, haifaffen Mosul ta Iraƙi, ya kafa ƙungiyar CyArk a 2003 don auna wuraren tarihi tun suna tsaye. Sun auna kaburburan sarakunan Buganda da ke Kasubi a Yuganda a 2009, gobara ta cinye babban ginin a watan Maris na 2010. A Afirka ta Kudu, Heinz Rüther na jami'ar Cape Town ya jagoranci shirin Zamani, wanda ya auna masallacin Jenne da na Jingarebar a Tumbuktu, duk a Mali, gine-ginen ƙasa ƴan uwan namu.

Darasin da ya fi kusa da halinmu na Mosul ne. A watan Fabrairu na 2015 ƴan ISIS suka farfasa kayan gidan tarihin birnin. Wasu ɗalibai biyu masu bincike a Turai suka buɗe shafi suna roƙon duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a gidan ya turo. Da hotunan baƙi da ma'aikata aka sake haɗa siffar wasu kayan, har da sassaƙen zaki. Shirin ya koma amsa sunan Rekrei. Ba siffa ce cikakkiya ba, akwai gurabe inda babu wanda ya ɗauka, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. Ina ganin wannan aiki yana jiranmu a kan masallacin Birni. Hotunansa suna warwatse a wayoyin masallata, da na ƴan makaranta da aka kai ziyara, da na ƴan Damagaram mazauna Yamai da Kano da Agadas, da tsoffin katunan gaisuwa na zamanin Faransawa. Kowace wayar da ta lalace ko aka goge, wani ɓangaren bango ne ya tafi.

Yadda ake aikin ba sihiri ba ne. Ɗauki misalin matashin fata da baduku ya ɗinka, mai ja da kore. Ka ajiye shi a inuwa, domin rana tsaka tana jefa baƙar inuwa da manhaja za ta ɗauka jikin kayan ce. Ka zagaya shi kana ɗauka taku bayan taku, kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, ka yi zagaye ɗaya a tsugune, ɗaya a tsaye, ɗaya daga sama. Manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, ko Polycam ta waya, tana neman ɗigon da ya bayyana a hotuna da yawa, ta lissafa inda kake tsaye lokacin kowane ɗauka, daga nan ta gano nisan kowane ɗigo. Sai ta ɗaure ɗigogin da dubban ƙananan kusurwa uku, kamar yadda yara ke harhaɗa motar kara kafin su lulluɓe ta, ta kuma shimfiɗa launin hoton a kai. Abu mai sheƙi yana ba ta wahala, tasar tagulla da aka goge, madubi, farin bango sumul. Amma bangon Birni mai zane, da sawun yatsun magini a jikin yaɓe, da zankwaye a saman soro, su ne abin da ta fi iyawa, saboda kowane taƙi nasu ya bambanta da na kusa da shi.

Akwai abin da ke damuna game da zaurukan da manhajojin nan ke bayarwa a shirye. Kusan dukkansu fararen ɗakuna ne masu daɓen katako da fitilu a rufi, irin na Turai. Allon zayyana ko sirdin hawan sallah in aka sa shi a ciki sai ya zama baƙo. Mu da muke da zaure, da bakan gizo, da ɗaurin guga, da rufin azara, me zai hana mu ƙera namu ɗakin a Blender, mai ƙaramar taga da hasken da ke shigowa ta ƙofa? Maginan da suka san awon baka suna nan da ransu. Saurayi mai kwamfuta da dattijo mai hannu su zauna a tabarma ɗaya, aikin zai fi wanda kowannensu zai yi shi kaɗai.

Sannan izini. Gidajen Birni ba kango ba ne, da mutane a ciki. Kafin a ɗaga waya sai an yi sallama an ce, “Baba, muna son ɗaukar bangon nan don ajiyar tarihi, in ka yarda,” a kuma gaya masa gaskiya cewa duniya za ta gani. Cikin gida da ɗakin mata ba wurin shiga da kyamara ba ne sai da yardar masu shi. Abin da ya shafi fada kuwa ta hannun fadawa ake bi, a faɗi a yi gaisuwa, a jira amsa.

Wani amfanin ya shafi kayan da suka bar ƙasa. Rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ƙiyasta kayan Afirka ta kudu da Sahara kusan 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kusan 70,000 a gidan Quai Branly kaɗai. A watan Nuwamba na 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26. Shirin Digital Benin, da aka buɗe a 2022 kan kayan masarautar Benin ta Najeriya, ya tattaro bayanin kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20 wuri guda. Siffa a kwamfuta ba ta maye gurbin dawo da kaya, kuma bai kamata mu yarda a sallame mu da ita ba. Amma wanda ya san abin da aka ɗaukar masa da inda yake, ya fi ƙarfin baki wajen nema.

Mu koma kan Dresden. Abin da ya same su ya yi ta maimaituwa. Google ya rufe Poly, rumbunsa na siffofin 3D, a 2021. Microsoft ya rufe AltspaceVR, dandalinsa na haɗuwa a ɗakunan 3D, a 2023. Mozilla ta dakatar da Hubs a watan Mayu na 2024, wurin da makarantu da masu zane da dama suka gina zaurukansu. Sketchfab ma ya koma hannun kamfanin Epic Games a 2021. Wanda ya gina zaurensa a shafin wani, haya yake zaune, ranar da mai gida ya ga babu riba zai ce a kwashe. Shi ya sa asalin hotunan da aka ɗauka sun fi siffar da aka fitar daraja, domin manhajar baɗi za ta iya fitar da wadda ta fi ta bana daga hotuna iri ɗaya. A ajiye su yadda suke ba tare da an bi da su ta WhatsApp ba, tunda yana matse hoto ya rage masa kyau. Siffar kuma a fitar da ita a tsarin glTF ko OBJ, waɗanda manhajoji da yawa ke buɗewa.

Halin da muke ciki a nan ma yana da nasa sharaɗi. Mega na da tsada, rezo na zuwa yana tafiya, kuran kuma ba a yi masa alkawari. Zauren da ya yi nauyi ba wanda zai jira ya buɗe a Mirya ko Magarya. Dole a yi siffa iri biyu, mai nauyi ta ajiya da marar nauyi ta waya, wadda aka rage mata kusurwoyi. Ta ajiyar kada ta kwana a kwamfuta ɗaya. Kwafi ɗaya a wurin mai gida ko mai sana'ar da aka ɗauki kayansa, ɗaya a jami'a, ɗaya a gidan tarihin jiha, kowanne da rubutun ranar ɗauka, da unguwa, da sunan maginin ko badukun in ya amince a rubuta.