Waiwaye: Tun kafin korona aka raba matakai a asibitocin Birtaniya

Har yau ana muhawara a Birtaniya kan abin da ya sa korona ta fi yi wa ma'aikatan lafiya baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya ɓarna. Likitoci 10 na farko da cutar ta kashe a 2020 babu farar fata ko ɗaya a cikinsu. Har da Dakta Alfa Sa'adu, mutumin Pategi a jihar Kwara. Wasu na ɗora abin kan ciwon suga da hawan jini. Akwai wannan, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Farkon labarin sananne ne: an kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, ma'aikata suka yi ƙaranci, aka shiga ɗebo 'yan mata daga Jamaika, Barbados, Najeriya da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne dokar 1943, wadda ta raba aikin jinya gida biyu. Mai karatun shekara uku cikakkiyar nas ce, tana iya zama shugabar ɗakin marasa lafiya. Mai shekara biyu kuwa mataimakiya ce har ta yi furfura. Da yawa daga cikin baƙin nan a layi na biyu aka zuba su, har da waɗanda takardunsu suka isa na farko, sai tafiya ta yi nisa suke gane bambancin. Takardar shaidar layi na biyun kuma ba a ɗaukarta da muhimmanci a ƙasashensu, balle su tattara su koma. Su ne masu wanke tsofaffi, masu kwashe fo, masu kwana a asibitocin masu taɓin hankali. Tuni aka daina wannan karatu na shekara biyu, sai dai rabon nan na wa ke ofis, wa ke bakin gado, bai gushe ba.

Da annoba ta zo, na bakin gado ta fara samu. Ga wata kuma: mata sun kai kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan NHS, amma takunkumin kariya da fuskar namiji aka auna shi, sai ya bar kafa a gefen hanci ko ƙarƙashin haɓa. Ƙaramar ma'aikaciyar da izinin zamanta a ƙasar ya rataya a kan aikin nan, da wane baki za ta ce ba za ta shiga ɗakin ba?