Horar da Kare Hawan Lilon Katako a Wasan Ajiliti

Lilon katako ɗaya ne daga cikin kayan da ake jerawa a filin wasan ajiliti, wato wasan zafin nama da kare ke bin jerin shingaye a guje yayin da mai shi ke nuna masa hanya da murya da motsin jiki, ba tare da igiya ko abinci a hannu ba. Dogon katako ne da aka ɗora a kan ƙafa guda a tsakiyarsa, kai ɗaya na ƙasa ɗaya na sama. Kare yana hawa ta kan da ke ƙasa, ya wuce tsakiya, nauyinsa ya rinjayi katakon har ɗaya kan ya bugi ƙasa, sannan ya sauka. A cikin manyan kayan da kare ke takawa a wasan, shi kaɗai ne ke motsi a ƙarƙashin ƙafafunsa, kuma shi kaɗai ne ke yin ƙara idan an hau shi. Wannan ne ya sa masu horarwa da yawa ke ɗaukarsa a matsayin abin da ya fi buƙatar haƙuri, domin aikin da ke cikinsa ya fi karkata ga kwantar wa kare hankali fiye da koya masa inda zai sa ƙafa.

Asali

Ana danganta farkon wasan ajiliti da baje kolin karnuka na Crufts da aka yi a Landan a 1978. An ɗora wa John Varley, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin shirye-shirye, nauyin samo abin da zai ɗebe wa 'yan kallo kewa a tazarar da ke tsakanin gasar biyayya da tantance karnuka a babban fili. Varley ya fi sanin harkar dawakai, don haka tunaninsa ya tafi ga gasar tsallaken shinge ta mahaya, kuma ya nemi taimakon Peter Meanwell, gogaggen mai horar da karnukan aiki, wanda ya tsara kayan wasan da ƙa'idojinsa na farko. Ƙungiyoyi biyu ne suka fafata a wannan nuni, kuma karɓuwar da ya samu ta sa aka maimaita shi. Akwai masu cewa an yi nune-nune makamantan wannan a wasu bukukuwan karkarar Ingila 'yan shekaru kafin nan, sai dai na 1978 ne aka fi yarda da shi a matsayin mafari.

A 1980 hukumar Kennel Club mai kula da harkokin karnuka a Birtaniya ta amince da ajiliti a matsayin wasa mai dokoki. Daga nan ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka, inda Kenneth Tatsch ya kafa ƙungiyar wasan ajiliti ta USDAA a 1986, ita kuwa American Kennel Club ta fara shirya gasarta a 1994. Hukumar FCI, uwar ƙungiyoyin karnuka na ƙasashen duniya mai hedikwata a Beljiyam, ta shirya gasar duniya ta farko a Suwizalan a 1996. Lilon katako yana cikin kayan wasan tun shekarunsa na farko, tare da gadar katako da katanga mai siffar harafin A, kuma waɗannan ukun su ake kira kayan takawa saboda dokar da ta haɗa su: dole ƙafar kare ta taɓa wani yanki mai launi dabam da ke ƙarshensu.

Lilon farko da katako zalla ake yin shi, a shafa masa fenti da aka cakuɗa da yashi don kada ƙafa ta zame. Daga baya aka koma firam na alminiyam mai shimfiɗar ɓarɓashin roba, wanda ya fi riƙe tafin kare ko da a jiƙe yake. Wannan sauyi ya ƙara wa karnuka gudu a kan lilon, kuma ya sauya yadda ake koyar da shi, domin kare mai tabbacin ba zai zame ba yana iya rugawa har ƙarshen katakon kafin ya fara sauka.

Ƙira da yadda yake aiki

A ƙa'idar FCI, tsawon katakon yana tsakanin mita 3.6 da 3.8, faɗinsa santimita 30, tsayin tsakiyarsa daga ƙasa kuwa santimita 60. Yankin takawa a kowane kai santimita 90 ne. Ma'aunin Amurka bai yi nisa da wannan ba: ƙafa 12 a tsawo, inci 12 a faɗi, da kimanin inci 24 a tsayin tsakiya. Tun da tsakiyar na kan santimita 60, kan da ke sama yakan kai kusan mita 1.2 daga ƙasa, kuma daga wannan tsayin ne karen da ya ruga har ƙarshe ke saukowa tare da katakon. Ba a sa wa lilo sandunan gicciye masu hana zamewa irin na katangar A.

Ana ɗan fifita nauyin kan da ake hawa ta wajensa domin katakon ya koma mazauninsa da kansa bayan kare ya sauka. Don a tabbatar fifikon bai yi yawa ba, alƙalai kan gwada lilon kafin gasa. A dokar FCI ana ɗora nauyin kilo 1 a tsakiyar yankin takawa na kan da ke sama, kuma wajibi ne katakon ya taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. American Kennel Club tana amfani da nauyin fam 3 da ake ajiyewa inci 12 daga ƙarshe, ya sauko cikin ƙasa da daƙiƙa 3.

Katakon yana aiki ne kamar sikeli mai hannu biyu: ƙarfin da ke rinjayarsa ya dogara ga nauyin kare da kuma nisansa daga tsakiya. Babban kare yana wuce tsakiya da taki ɗaya ko biyu katakon zai fara karkata, shi kuwa ƙaramin kare mai kilo 3 ko 4 sai ya kusa kaiwa ƙarshe, sannan ya tsaya yana jira a sama yayin da katakon ke saukowa a hankali. Ko da yake ana rage tsayin shingayen tsalle gwargwadon girman kare, lilo ɗaya ne kowa ke hawa, saboda haka ƙananan karnuka ne suka fi ɗaukar wahalarsa, kuma su ne katakon ya fi girgizawa idan ya bugi ƙasa ya ɗan yi tsalle ya dawo.

Abin da alƙali ke dubawa

Dole kare ya taka yankin da aka shata da aƙalla ƙafa ɗaya, kuma kada ya bar katakon kafin ya taɓa ƙasa. A ƙa'idar FCI, rashin taka yankin laifi ne mai maki 5. Tsalle daga sama kafin katakon ya sauka laifi ne a ko'ina, amma nauyin hukuncinsa ya bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya.

Horo

Masu horarwa sukan kasa aikin gida uku, su koyar da kowanne shi kaɗai kafin a haɗa su: motsi, ƙara, da matsayin da kare zai ɗauka a ƙarshe. Dalilin rarrabawar shi ne karen da aka ɗora kai tsaye a kan cikakken lilo yana gamuwa da tsayi da girgiza da ƙara duk a lokaci guda, kuma idan ya tsorata, mai shi ba zai san wanne ne ya razana shi ba.

Ana fara sabar da shi da motsi ta hanyar faifan katako mai faɗi da aka liƙa wa ƙwallo ko guntun itace a ƙarƙashi, yadda zai riƙa tangaɗi kowane ɓangare aka taka. Wasu na kiransa allon Buja, da sunan Brenda Buja, mai horarwa ta Amurka. Ba a jan kare zuwa kansa. Ana barinsa ya shinshina, ya ɗora ƙafa ɗaya, a ba shi lada, ya ɗora biyu, a ƙara masa, har ya kai ga hawa gaba ɗaya yana karkata faifan da gangan don ya ga ladan ya fito. A daidai wannan lokaci ake koya masa tafiya a kan siririn katako da aka shimfiɗa a ƙasa, saboda karnuka da yawa ba sa lura da inda ƙafafunsu na baya ke sauka, kuma a faɗin santimita 30 ƙafar baya ce ke fara zamewa.

Sashen ƙara shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. Ana tallafe kan da ake hawa da wani abu mai ƙarfi, yadda ɗaya kan zai tsaya santimita kaɗan a saman ƙasa. Kare yana zuwa ta gefe, ya sa ƙafafun gaba a bakin katakon, ya danna shi ƙasa, ƙara ta tashi, lada ya biyo baya nan take. Da farko akan shimfiɗa tawul ko tabarmar roba a ƙarƙashi don a rage ƙarar, daga baya a janye. Ana ɗaga tazarar kaɗan-kaɗan, kuma kare yana tashi daga danna katakon da ƙafa biyu zuwa ɗarewa kansa da ƙafa huɗu ya sauko tare da shi. Abin da ake nema a gani a jikinsa a bayyane yake: wutsiya a sake, kunnuwa a gaba, yana komawa ga katakon da kansa tun kafin a umarce shi. Idan aka ga yana lashe hanci, yana hamma, yana maƙe jiki ƙasa ko yana ƙin karɓar abincin da ya saba wawura, to an yi masa sauri, sai a mayar da tazarar inda take a baya. Muhimmancin wannan wasa shi ne kare yana gane cewa shi ne ke haddasa ƙarar, kuma ƙarar da dabba ke haddasawa da kanta ba ta firgita ta kamar wadda ta faɗo mata ba zato.

Game da matsayin ƙarshe, hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa. A ta farko kare yana tsayawa da ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan katako, har sai an sallame shi da kalma. A ta biyu yana tsayawa ko kwanciya da ƙafafu huɗu duka a ƙarshen katakon, yana mai da nauyinsa baya. Ga ƙananan karnuka an fi son ta biyu, domin idan rabin jikinsu ne kawai a kan katakon, yana iya ɗagowa da ƙafafunsu na baya yayin da yake komawa mazauninsa. Akan sa wata 'yar alama a bakin katakon, kamar murfin roba, a koya wa kare ya nufe ta, sannan a riƙa rage girmanta har a cire ta. Inda aka ba da lada yana da tasiri ƙwarai: idan kullum a ƙasa ake ba shi, a daidai bakin katakon, kansa zai sunkuya nauyinsa ya daidaita, idan kuwa daga hannun mai shi yake karɓa a tsaye, zai riƙa ɗaga kai yana juyowa gefe, abin da ke kai ga faɗowa.

Wajen haɗa sassan, wasu suna amfani da lilo mai ƙafar da ake iya ragewa, a fara da shi kusan a kwance a riƙa ɗagawa cikin makonni. Wasu suna ajiye teburi a ƙarƙashin kowane kai, kare ya gudu daga teburi zuwa teburi katakon na ɗan motsawa kaɗan, sannan a riƙa rage tsayin teburin da ke gaba. Tsohuwar hanya ita ce a riƙe kare da igiya, mataimaki ya kama katakon ya sauke shi a hankali. Har yanzu ana yin ta, amma tana yawan haifar da karen da ke tsayawa cak a tsakiya yana jiran katakon ya karkata kafin ya lallaɓa ya sauka, kuma wannan ɗabi'a tana cin lokaci a gasa, tana da wuyar gyarawa.

Mataki na ƙarshe shi ne kai kare ga lilo iri-iri. Wani yana saurin karkata, wani yana da nauyi, na ƙarfe ya fi na itace ƙara, kuma wanda aka kafa a kan daɓen cikin zaure ba ya amsawa kamar wanda ke kan ciyawa. Karen da ya ƙware a kan lilo guda yana iya turjewa a kan baƙo, don haka akan sake farawa daga wasan danna katako a duk sabon wuri, ko da na ɗan lokaci ne.

Shekaru da lafiya

Kwikwiyo yana iya wasa da faifan tangaɗi da katakon da ke ƙasa, amma ana jinkirta cikakken tsayi da bugun ƙasa har sai ƙasusuwansa sun gama girma, abin da ke kaiwa wajen shekara ɗaya ko fiye a manyan karnuka. Kennel Club ba ta barin kare shiga gasa kafin wata 18, American Kennel Club kuwa wata 15. Wani binciken jin ra'ayin masu karnuka da aka wallafa a 2013 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan ajiliti sun taɓa jin rauni, kuma shingayen tsalle da katangar A da gada ne aka fi ambata. Karen da ya saba hawa lilo lafiya sannan ya fara ƙi farat ɗaya, ya kamata likitan dabbobi ya duba kafaɗarsa da bayansa da yatsunsa kafin a ɗauka taurin kai ne. Ana danne ƙafar lilon da buhunan yashi ko a kafe ta don kada ta goce, kuma ba a barin kare ya hau shi ba kowa a wurin.

Saɓani

Ba a haɗu a kan dole ne kare ya tsaya a ƙarshe ko ya wuce da zarar katakon ya taɓa ƙasa ba. Masu neman sauri suna sallamarsa nan take, masu neman tabbaci suna riƙe shi. Ƙungiyar wasan ajiliti ta NADAC da ke Arewacin Amurka ta cire lilon daga gasanninta, yayin da FCI da Kennel Club da USDAA da American Kennel Club suka ci gaba da amfani da shi.