Kafin a kira wanzami, a duba ƙofar fitsarin yaro

Iyaye, ranar da ake wa jariri wanka a duba gabansa da kyau. Ƙofar fitsari a can kan tsinin azzakari take. Amma kusan ɗa namiji ɗaya cikin 200 zuwa 300 ana haifarsa ƙofar tana ƙasa, wani kusa da kai, wani tsakiya, wani har gindin maraina. Loɓarsa tana taruwa a sama kamar hula, ƙasa kuwa babu, shi ya sa wasu ke cewa an haife shi da kaciya. Sau da yawa azzakarin yana lanƙwashe ƙasa, fitsari na zuba kan ƙafa. Ba aikin aljanu ba ne, bututun fitsarin ne bai gama haɗuwa ba tun a ciki.

Irin wannan yaro kada a yi masa kaciya, da tiyata ake gyara matsalar. Da fatar loɓar likita ke ƙarasa bututun ya rufe ɗinkin. Idan wanzami ya yanke ta, wani lokaci sai an ɗebo fata daga cikin kuncin yaro. Kaciyar a wurin aikin ake gama ta.

An fi son yin tiyatar tsakanin wata 6 da wata 18. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, Shika da Sakkwato suna da likitocin tiyatar yara. Za a sa shi barci, don haka a daina abinci da madarar gwangwani awa 6 kafin aiki, nono awa 4, ruwa zalla awa 2. Cikin da ba a kwashe ba shi ke jawo amai ya faɗa huhu.

Bayan aiki ana barin siririyar robar fitar da fitsari a azzakarin mako ɗaya zuwa biyu. A sa kunzugu biyu, na ciki ya tare kashi, bakin robar ya zuba a na waje. Goyo yana danne wurin, a saɓa shi a kafaɗa har likita ya ba da izini.

Abin da ya fi faruwa shi ne wata 'yar ƙofa ta ɓule a ɗinkin, fitsari na fita wuri biyu. Ana gyarawa, amma sai bayan kamar wata 6. Idan roba ta daina ɗiga, ko zazzaɓi, ko mugunya, ko jini ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar. Yaron da ke da wannan matsala kuma ba a jin ƙwan marainansa a jaka, a kai shi asibiti tun makon haihuwa.