Katun ɗin sararin samaniya da na duniyar gobe: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taso a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 a gidan da akwai talabijin, ko ya leƙa ta tagar maƙwabta, zai tuna Voltron a NTA, zakunan ƙarfe biyar da suke haɗewa su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya. To wannan ɗin reshe ɗaya ne kawai daga wata babbar bishiya, kuma in dai ana hirar irin waɗannan katun ɗin tambayoyin da ake yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na haɗa su waje guda.

Wai ma yaushe aka fara irin wannan katun ɗin, kuma su waye suka fara?

A talabijin dai guda biyu ake fara ambata, kuma kusan tare suka fito. A Amurka kamfanin Hanna-Barbera ya saki The Jetsons a 1962, labarin wasu iyali da ke zaune a gidaje kan dogayen turaku can cikin gajimare, motocinsu tashi suke, 'yar aikinsu mutum-mutumi ce, maigidan kuma aikinsa a kamfani bai wuce danna maɓalli ba. A Japan kuma ranar 1 ga Janairun 1963 aka fara haska Astro Boy na Osamu Tezuka, baƙi da fari, ya yi fitowa 193.

Duba lokacin mana. Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, a 1957, Yuri Gagarin ya zagaya duniya a 1961, Amurka na ta haƙilon ta riga kowa taka wata, wanda sai a 1969 ta samu. Duniya gaba ɗaya kanta na sama ne, to dole masu zane su ma su ɗaga kai.

Me ya sa sai da zane? Ba gara a ɗauka da mutane na gaske ba?

Kuɗi ne ɗan uwa. In da mutane za ka ɗauka sai ka gina kumbo, ka gina cikinsa, ka ɗinka kaya, ka nemo dabarar da za ta sa mutum ya yi ta yawo a iska, amma a wajen mai zane kuwa ɗakin kwana da duniyar Mars duk takarda ɗaya ce da fenti ɗaya, hasali ma sararin samaniya ya fi sauƙi, baƙi ne ka yayyafa masa ɗigo-ɗigon fari shi kenan.

Duk da haka zanen ma ba banza yake ba, domin fim na tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, in ka ce kowanne sai ka zana shi daban kuma duk sati sai ka fitar da na minti ashirin da wani abu ai sai hannu ya tsinke. Sai Tezuka da mutanensa suka rage, su zana kamar 8 a daƙiƙa ko ma ƙasa, fuska ta tsaya cak baki ne kawai ke motsi, a ja hoto ɗaya a gaban kyamara ya zama kamar jirgi na gudu, sannan duk wani zane mai kyau a adana shi a yi ta maimaitawa. Ka tuna wurin da zakunan Voltron ke haɗewa, ƙafa ta zo ta maƙale, hannu ya zo, kai ya fito, sannan a zaro takobi mai walƙiya? Wannan gaɓar sau ɗaya aka zana ta, kusan kullum ita ake sakawa, mu kuma ita muka fi jira, har ana tsalle ana faɗin maganganun tare da su.

Na ji ana cewa The Jetsons sun yi duba, wai duk abin da suka nuna ya faru. Haka ne?

A'a, ba duba ba ne, gaibu sai Allah. Wasu abubuwan sun zo daidai, kamar kira ana ganin juna, da talabijin shafal a bango, da agogon hannu mai nuna hoto, da na'ura mai shara da kanta, amma yawancinsu dama injiniyoyin lokacin na maganarsu, masu zane suka ɗauka suka ƙawata. Motar da ke tashi ta naɗe ta koma jaka kuwa har yau shiru.

Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ba su iya hangowa ba. Sun hango na'ura iri-iri amma ba su hango mutane za su canja ba, gidan dai gidan Ba'amurken 1962 ne aka ɗauke shi aka kai sama, miji na zuwa ofis yana fama da shugaba mai masifa, mata na gida tana zuwa sayayya, kuma in ka kalli fitowa 24 ɗin farko za ka yi ta neman baƙar fata ka rasa, a ƙasar da a daidai lokacin baƙaƙe ke kan titi suna neman 'yancinsu. Saboda haka in kana son sanin yadda gobe za ta kasance kar ka tambayi katun, amma in kana son sanin abin da ke zuciyar mutanen da suka zana shi, abin da suke kwaɗayi da abin da ke hana su barci, to nan kam za ka gani ƙuru-ƙuru.

To me ya sa na Japan suka fi nauyi da baƙin ciki?

Saboda su sun ga abin da kimiyya kan iya yi in ta juyo kanka. An jefa musu bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, an ƙone Tokiyo da ruwan wuta, kuma mutanen da suka zana waɗannan katun ɗin yara ne ko samari lokacin yaƙin. Ko Astro Boy da ake gani na yara ne, labarinsa fa wani masani ne ɗansa ya mutu a haɗarin mota, sai ya ƙera mutum-mutumi mai kamarsa don ya rage zafi, da ya ga yaron ƙarfen ba ya girma sai ya tsane shi ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Wannan ai abin tausayi ne ko ga babba.

Sai Space Battleship Yamato na 1974. An ce shekara ta 2199 ce, wasu halittu sun yi wa duniya ruwan bama-bamai masu guba har teku ya ƙafe, mutane sun koma ƙarƙashin ƙasa, saura shekara ɗaya kowa ya mutu, sai aka tono jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Yamato, wanda da gaske an yi shi kuma Amurka ta nutsar da shi a Afrilun 1945, aka mayar da shi kumbo ya tafi nemo magani. Ba sai an yi maka dogon bayani ba, ƙasar da ta sha kaye ce take zana jirginta da ya nutse yana tashi, wannan karon don ceto ba don mamaya ba.

Mobile Suit Gundam na Yoshiyuki Tomino a 1979 shi ya ƙara fito da abun fili. Ba dodanni ake yaƙa ba, mutane ne da mutane, waɗanda aka kwashe aka kai matsugunan sama suna cewa na ƙasa na mulkarsu daga nesa, kowane ɓangare akwai na kirki akwai azzalumai, jarumin kuma yaro ne ɗan shekara 15 da aka cusa cikin injin yaƙi, yana tsoro, yana kuka, wani lokacin ma ya ƙi fita. Da farko bai samu 'yan kallo ba har aka datse shi a fitowa 43, sai daga baya da aka maimaita shi kuma kamfanin Bandai ya fara sayar da 'yan robobin da ake haɗawa da hannu a 1980, abun ya tashi, ga shi har yau ana yi.

Voltron ɗin na Amurka ne ko na Japan?

Duka biyun. Asalinsa Beast King GoLion ne na kamfanin Toei, 1981, sai wani kamfanin Amurka ya saya ya canja sunaye da murya ya fitar a 1984, ya kuma yanke jini da kisa. Akwai ɗaya daga cikin matuƙan da a na Japan kashe shi aka yi, a wanda muka kalla kuwa cewa aka yi ya ji rauni an kai shi wata duniyar jinya.

Irin wannan yawon ba shi kaɗai ya yi ba. Grendizer na Go Nagai, 1975, a Faransa sunansa Goldorak kuma ya tayar da ƙura sosai a 1978, a ƙasashen Larabawa kuma da aka fassara shi a Labanon ya zama wani abu daban, labarin yarima da aka rusa masa ƙasa ya yi gudun hijira yana kare wadda ta karɓe shi, ka ga kuwa dole ya taɓa zuciyar mutanen da ke cikin yaƙi a lokacin. Har ƙaton mutum-mutuminsa aka kafa a Riyadh a 2022.

Kimiyyar ciki gaskiya ce ko duk shaci-faɗi ne?

Yawanci shaci-faɗi ne kuma su ma sun sani. A sararin samaniya babu iska saboda haka babu ƙara, duk wannan fashewar da kake ji an sa ne don daɗin kallo, haka gudun da ya wuce na haske. Amma akwai masu yin ƙoƙari, matsugunan Gundam masu kama da ƙaton bututu da ke juyawa don mutane su ji nauyin jikinsu daga tsarin wani masanin Amurka Gerard O'Neill aka ɗauko su, kuma Futurama da ake gani shirme ne kawai, wanda ya fara a 1999, cikin marubutansa akwai mai digirin digirgir a lissafi, Ken Keeler, da ya zauna ya warware wata ƙa'idar lissafi sukutum don kawai labarin fitowa ɗaya ya tafi daidai.

Wanda ya fi kowa a wajena shi ne Planetes na 2003. Shekara ta 2075 ce, kuma jaruman ba sojoji ba ne ba 'ya'yan sarki ba ne, 'yan kwashe shara ne, kamar dai baban bola amma a sama, ofis ɗinsu ma a ƙasan bene kamfani ya jefa shi, ma'aikata rabi kasafi rabi, kowa na raina su. Labarin ya buɗe ne da wani ɗan noti guda ɗaya tak yana yawo, ya bugi tagar jirgin fasinja ya hallaka mutane, kuma wannan ba ƙarya a ciki domin abu a kewayen duniya na gudun kusan kilomita 28,000 a awa, a wannan gudun ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa ya fi harsashi. Tun 1978 wani masanin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, mai suna Donald Kessler ya yi gargaɗin cewa tarkace za su iya yin yawa har su riƙa karo da juna suna haifar da wasu, kuma a Fabrairun 2009 tauraron ɗan adam na kamfanin Iridium na Amurka da wani mataccen na Rasha suka yi karo da gaske suka watsa dubban gutsattsari.

Ba nan ya tsaya ba. Akwai wata yarinya a ciki da aka haifa a wata, shekararta 12 amma doguwa kamar babba saboda ƙarancin nauyi, jikinta ba zai iya ɗaukar zaman duniya ba, tekun da take jin labari ba ta taɓa gani ba. Sannan ya yi tambayar da wallahi kusan babu wanda ke yi, wato in manyan ƙasashe suka raba arzikin sama a tsakaninsu, ƙasashen da ko abinci bai ishe su ba ina rabonsu? Duk ɗan Afirka da ya kalli wannan ɓangaren zai ji da shi ake.

Ni uwa ce, in bar yarana su kalla tunda ai katun ne?

Hajiya don Allah kar ki yarda da wannan "ai katun ne" ɗin. Zane hanya ce kawai ta ba da labari, ana yin na yara ana yin na manya. Jetsons da Voltron da Astro Boy ba matsala sosai, amma Cowboy Bebop na 1998, mai fitowa 26, labarin mafarautan masu laifi ne a 2071, akwai harbi akwai ƙwaya akwai shigar da ba za ki so ba, Futurama kuma barkwancinsa na manya ne. Ki duba shekarun da aka rubuta a jiki, in da hali ki zauna ki kalli fitowa ɗaya ko biyu da kanki kafin ki miƙa waya.

Mu Afirka fa, kullum sai dai mu yi kallo?

An fara motsi. A 2023 Kizazi Moto ya fito, gajerun labarai 10 daga masu zane na ƙasashen Afirka daban-daban, a shekarar kuma Supa Team 4 ya fito da Lusaka ta nan gaba. A Fabrairun 2024 sai ga Iwájú, fitowa 6, haɗin gwiwar Kugali, wani kamfanin masu zane 'yan Afirka, da Disney, Legas ce ta gobe, yarinya Tola 'yar masu kuɗi daga tsibiri da abokinta Kole yaron gidansu daga cikin gari, da ɗan ƙadangaren ƙarfe mai gadinta. Motoci na tashi amma cunkoso na nan, masu talla na nan, kuma babban abun tsoro a labarin garkuwa da mutane ne. Ka ga abin da na faɗa ɗazu, su ma abin da ke hana mu barci yau shi suka ɗauka suka kai gobe.

Ina so in ga ranar da wani zai zana Kano ko Damagaram ta shekara ɗari nan gaba da Hausa tun daga tushe, ba fassara ba, ya nuna mana ina ruwa zai fito, me hamada ta yi, wa ke zaune cikin sanyi wa ke waje. Manhajar zanen katun irin Blender kyauta ce, abin da ke da wuya shi ne wuta da kuɗin da zai riƙe masu zane wata da watanni suna aiki ɗaya.

Da wanne zan fara?

In kai babba ne fara da Planetes, ka yi haƙuri da fitowar farko-farko don akwai wasa da yawa, daga tsakiya yake kama wuta. In labarin yaƙi kake so ɗauki Gundam na 1979, zanen ya tsufa amma bayan fitowa kaɗan za ka daina lura. In kuma da yara za ku zauna to Iwájú, gajere ne, da yamma ɗaya ma za ku iya gama shi.