Dokar Lafiya ta Ƙasa da Ƙasa: Abin da Ta Ɗora wa Gana da Maƙwabtanta na Gaɓar Teku

Duk ɗan kasuwar Nima ko Madina da ke bin hanyar Aflao zuwa Lome, Kwatano da Legas ya san katin rigakafin shawara, amma kaɗan ne suka san dokar da ke tsara shi a yau. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Ƙasa ce, wadda babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya amince da ita a shekarar 2005, ta fara aiki ranar 15 ga Yuni 2007, kuma ta hau kan ƙasashe 196, har da Gana.

Jigon dokar shi ne kada ƙasa ta ɓoye cuta. Idan wani abu ya ɓulla da ke iya tsallaka iyaka, hukumomin ƙasar za su tantance shi cikin awa 48, idan kuma ya kai mizani, sashe na 6 ya wajabta a sanar da WHO cikin awa 24. Akwai cututtuka huɗu da ko mutum ɗaya suka kama sai an kai rahoto: agana, shan-inna mai yaɗuwa, sabon nau'in mura, da cutar numfashi ta SARS. Gana ta bi ƙa'idar sanarwa a watan Yulin 2022 lokacin da aka samu cutar Marburg a yankin Ashanti: Cibiyar Noguchi da ke Legon ta gwada jinin, aka tura Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar, aka sanar da duniya. A cikin gida kuwa, Dokar Lafiyar Al'umma ta 2012, mai lamba 851, ita ce ta ba jami'an lafiya ikon aiwatar da waɗannan sharuɗɗa.

Ga ƙasashen gaɓa, tashar jirgin ruwa ita ce babbar ƙofa. Jirgin da ya nufo Tema ko Takoradi, shugabansa kan miƙa takardar bayanin lafiyar mutanen da ke ciki, kuma dole jirgin ya riƙe takardar shaidar tsafta, wadda wa'adinta wata shida ne, mai nuna an duba ɓeraye, ƙwari, ruwan sha da wurin dafa abinci. Sashe na 28 kuma ya ce ba a hana jirgi tsayawa, ko ɗaukar ruwa, mai da abinci, don tsoron cuta kawai. Ana iya bincikensa a tsaftace shi, idan kuma tashar ba ta da kayan aikin, a tura shi tasha mafi kusa da ke da su. Wannan sashe ya fi shafar ƙasashen tsibiri irin su Cape Verde, wadda yawancin abincinta ta teku yake shigowa, domin hana jiragen ruwa zuwa can daidai yake da jefa jama'arta cikin yunwa.

Ɓangaren da ya kamata mutanenmu na zango su sani sosai shi ne haƙƙin matafiyi. Katin shawara yana fara aiki kwana goma bayan allura, kuma tun daga 11 ga Yuli 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka ba a ƙin kati saboda ya wuce shekara goma. Sashe na 32 ya ce wanda aka tsare ko aka killace dole a mutunta shi, a lura da addininsa, al'adarsa da jinsinsa, a ba shi abinci, ruwa da masauki mai kyau. Sashe na 40 ya haramta karɓar kuɗi daga matafiyi don gwajin da hukuma ta tilasta masa ko don killace shi, sauran kuɗaɗen da aka yarda a karɓa kuwa sai an wallafa su aƙalla kwana goma kafin su fara aiki. Sai dai haƙƙi yana tafiya da nauyi. Mai sayen katin jabu a bakin iyaka ya cuci kansa, ya kuma ɗauko wa unguwarsa haɗari, domin shawara tana kisa, ga shi rigakafinta sau ɗaya ne.

Inda dokar ta fi shan wahala shi ne sashe na 43. Ya yarda ƙasa ta ƙara matakan kariya, amma sai da hujjar kimiyya, kuma idan matakin zai hana matafiya ko kaya shiga, ko ya jinkirta su fiye da awa 24, dole ta sanar da WHO cikin awa 48 tare da dalilanta. A 2014, da Ebola ta addabi Gini, Laberiya da Saliyo, inda zuwa 2016 ta kashe fiye da mutum 11,000, ƙasashe da yawa sun rufe iyakoki, kamfanonin jiragen sama suka janye, duk da WHO ta ce kada a yi haka. Likitoci da kayan aiki suka rasa hanyar shiga. A ganina wannan ne babban lahani, domin ƙasar da ta ga an ƙaurace wa maƙwabciyarta saboda ta faɗi gaskiya, gobe ita ma za ta yi jinkirin faɗa. Gana ta ɗauki wata hanya dabam, ta karɓi hedkwatar tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da Ebola a Akra a watan Satumban 2014, jiragen agaji suna tashi daga nan zuwa ƙasashen uku.

Sashe na 44 ya umarci ƙasashe su taimaki juna wajen gano cuta, horar da ma'aikata da samar da kuɗi. A yankinmu, Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma da ECOWAS ta kafa a 1987 ke haɗa wannan aiki, sai Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Afirka da aka buɗe a Addis Ababa a 2017. Dokar dai ba ta tanadi tara ko hukunci ga ƙasar da ta saɓa ba. Abin da WHO ke iya yi shi ne ta nemi hujja, ta roƙi a sake duba matakin, sannan ta sanar da sauran ƙasashe.