Ba ƙudan zuma ke yi wa koko barbara ba

A unguwar Asawase ko Aboabo da ke Kumasi, a ƙasar Ghana, ka tambayi wanda danginsa ke aikin gonar koko a ƙauyukan Asante, wane ƙwaro ke sa itacen ya yi 'ya'ya? Zai ce maka zuma. An daɗe ana faɗin haka, amma kuskure ne.

Furen koko ƙarami ne ƙwarai, kuma ƙirarsa ba ta ba ƙudan zuma hanyar kai wa ga garin furen. Masu wannan aiki wasu 'yan mitsitsin ƙudaje ne da masana ke kira Forcipomyia, tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Ko sun gifta gabanka, ƙura za ka ɗauka. A ruɓaɓɓen ganye suke hayayyafa, da ɓawon koko da aka fasa aka yar, da kututturen ayaba mai laima. Wato manomin da ya share gonarsa tas, ya kuma yi feshi ba kai ba gindi, ya kori ma'aikatansa da hannunsa. A 2017 har Cocobod, hukumar koko ta Ghana, ta ɗauki matasa suna barbarar furen da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa nake jin haushi idan aka yi wa mai binciken ƙwari dariya, wai ya je jami'a ya ƙare a ƙirga ƙuda. Irin wannan ƙirga, ta shekara 27, ita ta nuna a Jamus cewa nauyin ƙwari masu tashi da tarko ke kamawa ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari.