Tsirran da Suka Dace da Shingen Kunkuru da Waɗanda Ke Halaka Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Shin kunkuru ba ya gane tsiro mai guba da kansa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa ilhama za ta hana shi cin abin da zai cutar da shi. Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya a muhallinsa na asali, amma lambun gida cike yake da furannin ado da aka kwaso daga nahiyoyi daban-daban, waɗanda jinsinsa bai taɓa cin karo da su ba. Ga shi kuma yana bambance launi sosai, ja da rawaya suna ɗaukar hankalinsa. Duk wanda ya taɓa kallon kunkuru ya miƙa wuya ya nufi jan furen da ya faɗo ƙasa, ya ɗan shinshina shi sannan ya gatsa, ya san ba dogon nazari yake yi ba. Tantancewar tana wuyan mai kiwonsa.

Waɗanne ne dole a tumɓuke?

Mafi muni su ne masu gubar da ke taɓa zuciya, kuma a kan gaba akwai oliyanda, wadda masana ke kira Nerium oleander. Ganyenta da furenta da reshenta duka guba ne, kuma bushewa ba ta kashe gubar, don haka busasshen ganyen da iska ta kaɗo cikin shinge ma abin tsoro ne. Kariya da tumfafiya danginta ne, gubarsu kuma iri ɗaya ce da tata. Zaƙami yana rikita jijiyoyi, 'ya'yan zurma suna ɗauke da gubar risin, sannan ga bini-da-zugu, da furannin ado irin su lantana da azaliya, da ganyen tumatir da na dankalin Turawa.

Ana yawan cewa a guji duk tsiron da ke fitar da farin ruwa kamar nono idan an karya shi. Shawara ce mai amfani a matsayin gargaɗi, sai dai ba ta isa hukunci ba, domin dandeliyon, wani ƙaramin tsiro mai furen rawaya, shi ma yana da wannan farin ruwa, alhali yana cikin abincin kunkuru mafi kyau, azaliya kuwa ba ta da shi amma tana kisa. A kuma ɗaga kai a duba sama, saboda bishiyar da ke wajen shinge, kamar avokado, tana iya zubo ganye da 'ya'ya a ciki.

To, me ya kamata a shuka?

Wannan ya danganta da jinsin kunkurun. Sulkata, babban kunkurun yankin Sahel, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurayen duniya, makiyayi ne tamkar saniya, kuma yawancin abincinsa ciyawa ce mai kaushi irin kiri-kiri. Ƙananan kunkurayen yankin Bahar Rum sun fi son tsirrai masu faɗin ganye, kamar dandeliyon da Plantago. Kusan dukkansu suna cin ganye da furen Hibiscus rosa-sinensis (tsiron ado dangin zoɓo), da ganyen inabi, da na malberi, da kaktus marar ƙaya na jinsin Opuntia. Yana da kyau a kewaye sabon dashe har ya yi ƙarfi, in ba haka ba, kunkurun zai cinye shi har tushe a wuni ɗaya.

Akwai waɗanda ba guba ba ne amma ba a son yawaita su?

Akwai. Alayyafo yana da sinadarin okzalet, wanda ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, alhali kunkuru yana buƙatar kalsiyam aƙalla ninki 2 na fosfaras domin ƙashi da ƙoƙon bayansa su yi ƙwari. Kabeji da danginsa, idan sun yi yawa, suna hana jiki amfana da sinadarin aidin. Ɗanɗano jefi-jefi ba laifi ba ne, amma ba a shuka su inda zai yi ta kiwo kullum.

Ta yaya za a tabbatar da sunan tsiro?

A nemi sunansa na kimiyya, domin suna ɗaya na yau da kullum yakan hau kan tsirrai biyu da ba su da alaƙa. Manhajar waya mai gane tsiro daga hoto tana taimakawa, amma tana kuskure, musamman a kan ƙaramin tsiron da bai yi fure ba, don haka a gwada amsarta da ta masanin tsirrai. A ganina, tsiron da aka kasa sanin sunansa a cire shi kawai. A riƙa zagaya shingen bayan an yi ruwan sama, domin tsuntsaye da iska suna kawo irin da ba a shuka ba.

Tsiro marar guba da aka sayo, ana iya dasa shi nan take?

A'a. Masu rainon furanni sukan yi amfani da maganin ƙwari mai shiga cikin jikin tsiro, wanda wanki ba ya fitarwa. A sauya masa ƙasa, a ajiye shi a wajen shinge na wasu watanni, sannan a ba da sabon toho kaɗai. A kula da fararen ƙwayoyin da ake gaurayawa cikin ƙasar tukunya da ƙwayoyin taki, domin kunkuru yakan tsince su ya haɗiye.

Idan ya riga ya ci fa?

A fitar da shi daga wurin, a cire ragowar ganyen da ke bakinsa, a ɗauki reshen tsiron a tafi da shi wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe. Kada a ɗura masa komai, kada kuma a yi ƙoƙarin sa shi amai. Narkewar abincinsa tana ɗaukar kwanaki, saboda haka kasala ko dalalar yawu ko zawo ko kumburin baki suna iya jinkirin bayyana, kuma ganinsa yana yawo lafiya da yamma ba dalili ba ne na ɗage zuwa asibiti sai gobe.